Daga kwafar allo zuwa insha'i: ina aka bar 'yan aji huɗu zuwa shida?

Boɗinga da Shagari, a jihar Sakkwato, ba baƙin alƙalami ba ne. A Sifawa, cikin ƙasar Boɗinga, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna yana karantarwa yana wallafa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙaninsa Malam Abdullahi kuma yana nan Boɗinga yana nasa rubuce-rubucen. Alhaji Shehu Shagari kuwa malamin makaranta ne tun kafin siyasa ta ɗauke shi, har ya tsara Waƙar Nijeriya don koyar da labarin ƙasa da Hausa. Saboda haka ba laifi ba ne a tambayi makarantun wannan yanki: yaron da ya gama aji shida, zai iya rubuta wa kawunsa wasiƙa da kansa?

An yi ƙoƙari a ƙananan azuzuwa. Shirin NEI Plus, wanda hukumar USAID ta Amurka ta ɗauki nauyinsa a jihohin Sakkwato da Bauchi daga 2015, ya kawo littattafan Mu Karanta! don 'yan aji ɗaya zuwa uku. Sai dai ƙarfinsa a kan karatu yake, kuma a aji uku ya tsaya. Aji huɗu ne mahaɗar wahala. A nan tsarin ilimi na ƙasa na da ya tanadi a koma koyarwa da Ingilishi, a nan kuma ake son yaro ya fara haɗa jimloli su zama sakin layi. Kaya biyu a kai ɗaya.

Abin da ke biyo baya sananne ne. Malam ya cika allo, ya ce, "Ku kwafa." Yara su duƙufa, mai kyan hannu ya sha yabo, malam ya bi da jan biro ya sa hannu. Littafi ya cika taf, amma babu jimla ɗaya da ta fito daga kan yaron. Idan an ba da insha'i a kan "Makarantarmu", sai ka tarar da littafi bayan littafi da magana iri ɗaya, sunan mai shi kaɗai ya bambanta. Jarrabawar shiga sakandare ta NECO ma canki-canka ce, don haka babu abin da ke matsa wa malami ya ɓata lokaci kan abin da ba za a tambaya ba. Ba na ganin laifinsa sosai: mai aji maƙil da yara, yaushe zai karanta insha'in kowa a mako?

A ganina gyaran daga wajen ba da maki zai fara. A raba makin gida-gida: na abin da yaro ya faɗa, na yadda ya jera shi, sannan na ƙa'idar rubutu. Yanzu na ƙarshen ne ke cinye sauran. Yaron garin Shagari zai rubuta "biyat" da "tahi" da "hwara", domin haka ake faɗa a gidansu, alhali Daidaitacciyar Hausa a kan Kananci aka gina ta. A koya masa daidaitacciyar, tilas ne. Amma idan ya yi bayani tiryan-tiryan yadda babansa ke dashen albasa, daga fitar da iri har ban ruwa, bai kamata a zabga masa jan biro har ya rasa gane rubutunsa ba. A ja layi ƙarƙashin kuskure biyu ko uku, a ce ya gyara ya dawo da shi. Sake rubutun nan shi ne darasin, kuma shi ne aka fi tsallakewa.

Batun yawan yara ma da dabara. A karɓi littafi goma yau, goma gobe, sauran su yi musaya su karanta wa juna. A fara da Hausa, a kan abin da yaro ya sani: ranar kasuwa, madatsar ruwa ta Shagari, hawan salla. Wanda ya iya jera tunaninsa da harshensa, kalmomi kaɗai zai nema idan an zo Ingilishi.

Sauran aikin na Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari ne da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB. Ɗalibin kwalejin mai neman shaidar malanta ta NCE ya yi ta gwada duba insha'in yara na gaske kafin ya fita koyarwa, jami'in duba makarantu kuma in ya zo, bayan rajista da tsarin darasi, ya ɗauki littafin yaro guda daga layin baya ya nemi shafin da ba daga allo aka kwafo ba.