Alwatikar Bermuda

A yammacin Tekun Atlantika, kusa da ƙasar Amurka, akwai wani yanki na ruwa mai faɗi ƙwarai. Idan aka ja layi bisa taswira daga birnin Mayami zuwa tsibirin Bermuda, daga can zuwa tsibirin Porto Riko, a komo Mayami, sai a ga siffa mai kusurwa uku. Shi ya sa ake kiran wurin Alwatikar Bermuda. Da Faransanci kuwa, sunansa Triangle des Bermudes.

A watan Maris na 1918, wani babban jirgin ruwan Amurka mai suna Cyclops ya tashi daga tsibirin Barbados. Yana ɗauke da kaya masu nauyi da mutane fiye da 300. Tun daga ranar ba a sake ganin shi ba.

Ranar 5 ga Disamba 1945 kuma, jiragen sama 5 na sojan Amurka suka tashi daga Florida don horo. Mutum 14 ne a ciki. Ana cikin tafiya, sai shugabansu ya faɗa ta rediyo cewa na'urar da ke nuna mishi arewa ta lalace. Ya ɗauki wasu tsibirai a matsayin wasu, suka yi ta yawo bisa teku. Dare ya yi, iska ta taso, mai ya ƙare. Aka aika da wani jirgi mai mutum 13 ya nemo su, shi ma bai dawo ba. Amma mutanen wani jirgin ruwa sun hangi wuta a sama a daren nan, abin da ke nuna jirgin fashewa ya yi.

Daga nan sai tatsuniyoyi suka yawaita. Wasu suka ce halittu ne daga wata duniya ke sace jiragen. Wasu suka ce wani tsohon birni da ya nitse ne ke jawo su. Labaru masu daɗin ji, amma babu mai shaida ko ɗaya.

A 1975, wani ma'aikacin gidan littattafai, Lawrence Kusche, ya fitar da sakamakon bincikensa. Ya karanta tsofaffin jaridu, ya gano cewa jirage da yawa cikin hadari suka nitse, masu ba da labari suka ɓoye zancen hadarin. Wasu ma nesa da alwatikar suka ɓace.

Wurin nan hanya ce ta jirage masu yawa. Guguwa mai ƙarfi tana tasowa daga Yuni zuwa Nuwamba. Akwai kuma ruwa mai ɗumi da ke gudu cikin tekun kamar kogi, ana ce da shi Gulf Stream. Yakan kwashe tarkacen jirgi ya kai shi nesa kafin masu nema su iso. Arewa da Porto Riko, zurfin teku ya wuce mita 8.000. Abin da ya faɗa can, da wuya a ciro shi.