Dutsen Arlit da tukunyar Zariya

A Cadawa, in aka ɗauke wuta da dare ana zaune a fada, ba a rasa wanda zai ce: ƙasar da ke haƙo yuraniyom a Arlit tun 1971, ita ce a cikin duhu? Tambayar tana kan hanya. Sai dai dutsen ba ya ba da wuta don an haƙo shi. Sai an san yadda ake fasa abin da ke cikinsa.

A watan Disamba na 1938, a Balin, Otto Hahn da Fritz Strassmann suna harbin yuraniyom da wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira nutiron, sai suka tsinci bariyom a cikin abin da ya rage, sinadarin da nauyinsa bai wuce rabin na yuraniyom da kaɗan ba. Kamar ka daka gero ne ka kwashe gyaɗa a turmi. Lise Meitner, abokiyar aikin Hahn da ta gudo Suwidin saboda 'yan Nazi, ita ce ta warware zaren tare da ɗan 'yar'uwarta Otto Frisch: cibiyar ƙwayar zarrar yuraniyom ce ta miƙe kamar ɗigon ruwa, ta tsuke a tsakiya, ta rabe biyu, ta saki zafi. An ba Hahn lambar Nobel shi kaɗai, kuma an zalunci matar nan.

Kowace rabuwa tana furzar da nutiron biyu ko uku, su ma su fasa na kusa da su, kamar gobara a kara da rani. Gwanintar ita ce riƙe linzamin gobarar, abin da Enrico Fermi ya yi a Cikago ranar 2 ga Disamba, 1942. Nau'in da ke saurin fashewa, yuraniyom-235, bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na abin da ake haƙowa ba.

Ba sai an je Turai a ga wannan aikin ba. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da tukunyar bincike ta nukiliya ƙirar Sin tun 2004. 'Yar ƙarama ce, kimanin kilowat 30, ba ta haska ko unguwa guda. Ana zura mata ɗan ƙunshin ƙasar gona ko garin hatsi, nutiron su bi ta cikinsa, hasken da ya fito daga baya ya tona sinadaran da ke ciki ɗaya bayan ɗaya. Da jigawar da ke Cadawa da Gazawa za ta sami irin wannan awon, da manomin gero ya san takin da gonarsa ke nema kafin ya kashe jikkunansa a kasuwa.