Peugeot 504 Da Porsche 911 A Ma'aunin Ɗan Kasuwa

A shekarar 1975 ne aka buɗe masana'antar harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna. Samfurin 504, wadda aka fara ƙerawa a Faransa a 1968, ita ce ta zama motar jami'in gwamnati da magidanci da direban tasha har tsakiyar shekarun 2000, lokacin da aka daina harhaɗa ta.

Idan gudu ake magana, babu haɗi tsakaninta da Porsche 911 Carrera ta 2019. Wannan mota ta Jamus tana da inji mai silinda shida a bayanta, da ƙarfin doki 385, kuma takan kai gudun kilomita 100 a awa cikin daƙiƙa huɗu da ɗoriya. Fijo mai kafireto ba ta cika doki 100 ba. Ba ta kuma da jakar iska ko birkin zamani, abin da masu begenta kan manta.

Sai dai ɗan kasuwa ba ranar saye yake duba ba, ranar lalacewa yake lissafi. A zamanin tashen 504, in ta mutu a hanyar Funtuwa, bakaniken gari na gaba ya san cikinta, kayan gyaranta kuwa ga su a Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano, ana biya da naira. Ita 911 sai an jona mata kwamfuta kafin a gane ciwonta, kayanta daga waje ake odarsu da kuɗin musaya, wanda ya yi tashin gwauron zabi tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023. Tana kuma buƙatar fetur mai inganci sosai, ga kujerunta na baya ko yaro a takure yake zama, balle a yi zancen buhun masara.

Babbar matsalarta dai ita ce hanya. Ƙirjinta dab yake da ƙasa, rami ɗaya na iya cinye ribar wata guda. Fijo kuwa a kan irin waɗannan hanyoyi ta yi suna, har ta lashe gasar Safari ta Kenya a 1975. Shi kansa kamfanin Porsche, da ya so ya fitar da 911 mai iya shiga burji a 2022, sai da ya ɗaga ta daga ƙasa, ya raɗa mata suna Dakar, kuma guda 2,500 kacal ya ƙera.