Kwanciyar Mai Ciki da Abin da Awon Jini ke Nunawa

Daga wajen mako na 20, mahaifa takan kai nauyin da idan mai ciki ta kwanta rigingine, sai ta danne babbar jijiyar da ke mayar da jinin ƙafafu da ƙugu zuwa zuciya, jijiyar da ke bi ta dama da ƙashin baya. Jinin da ke isa zuciya yakan ragu, wanda take turawa ma ya ragu, sai matsin jini, wato ƙarfin da jini ke yi wa bangon jijiyoyi, ya faɗi. Yawancin mata ba sa jin komai, domin jinin yana ratsewa ta wasu ƙananan jijiyoyi, amma wasu sukan ji jiri da tashin zuciya da gumi, har ma su suma. Likitan Amurka Howard da abokan aikinsa suka raɗa wa yanayin suna a 1953, maganinsa kuwa bai wuce mace ta juya gefen hagu ba. Shi ya sa a ɗakin tiyata ake karkata mai ciki hagu da kimanin digiri 15.

Sai dai kwanciyar da ke warware wannan matsala tana iya ɓoye wadda ta fi ta haɗari. Idan mace na kwance a gefen hagu aka ɗaura abin awo a hannun dama, hannun yana sama da zuciya, kuma kowace santimita 10 ta wannan tazara takan rage abin da na'ura za ta nuna da kusan maki 8. Ke nan wadda jininta ya kai 140/90, iyakar da ake kiran hawan jini, tana iya tafiya gida a matsayin lafiyayya, alhali jijjigar masu ciki, wadda hawan jini ke gabata, tana cikin manyan cututtukan da ke kashe mata wajen haihuwa a Arewacin Nijeriya.

Don haka ƙa'idar ɗaya ce, ko a Asibitin Koyarwa na Barau Dikko ko a ƙaramin asibitin unguwa: a ranar awo mace ta zauna ta jingina, ƙafafu a ƙasa, ta huta minti 5, a tallafe hannunta daidai da zuciya, kuma a yi amfani da maɗauri mai faɗi ga mai kaurin damtse, tunda ƙarami yakan nuna jini ya hau fiye da yadda yake.