Daga harbi-ruga zuwa AK-47: Yadda Hausa da doka suke rarraba bindigogi

Duk lokacin da jami'an tsaro suka baje kolin makaman da suka ƙwato, akan ji sunaye iri-iri: bindigar toka, ƙirar gida, mai baki biyu, ƙaramar bindiga, mai sarrafa kanta, AK-47. A wajen mai sauraro, bindiga dai bindiga ce. A gaban shari'a kuwa kowane suna yana da nauyinsa, domin ajin da aka sanya makami a ciki shi ke nuna wanda yake da ikon ba da lasisinsa, da kuma shekarun da mai riƙe da shi ba bisa ƙa'ida ba zai iya yi a gidan yari.

Wannan batu bai yi nisa da mazauna Darmanawa da Gyaɗi-Gyaɗi a Ƙaramar Hukumar Tarauni ba. A Titin Kotu da ke Gyaɗi-Gyaɗi Babbar Kotun Tarayya ta Kano take zama, kuma Sashe na 251 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya sanya al'amuran makamai da harsasai da abubuwa masu fashewa cikin huruminta. A irin wannan zaure, tambayar farko ita ce: wace irin bindiga ce aka samu?

Asalin sunayen

Kalmar bindiga aro ce daga Larabci, wato bunduƙiyya. Haka albarushi ya fito daga al-barud, harsashi kuma daga ar-rasas, wanda ke nufin dalma. Kalmomin uku suna nuna hanyar da makamin ya fara biyowa zuwa wannan yanki, wato ta Sahara. A ƙarni na 16, Mai Idris Alauma na Borno yana da maharban bindiga Turkawa a rundunarsa, kamar yadda limaminsa Ahmad bin Furtu ya rubuta. A Kano kuwa, Kundin Tarihin Kano ya ambaci Sarki Babba Zaki, wanda ya yi mulki daga 1768 zuwa 1776, a matsayin sarkin da ya fara ajiye masu bindiga cikin masu tsaron lafiyarsa.

Akwai kuma hanya ta biyu, ta bakin teku. Doguwar bindigar da ake ɗurawa ta baki, wadda Turawa suka sa wa sunan mutanen Denmark saboda fataucin da suka yi a gaɓar Ghana ta yau, ita ce ta bazu a hannun maharba, daga baya maƙera suka koyi ƙera ta. Ita Hausawa suke kira bindigar toka, ko adaka, ko baushe, ko harbi-ruga. Sunan ƙarshen ya bayyana halinta sarai: harbi ɗaya take yi, kafin a sake ɗura ta kuwa sai an ɗauki lokaci, don haka idan maharbi ya kuskure naman daji, sai ya nemi hanyar tsira.

Sarkin Kano Alu, wanda ya yi mulki daga 1894 zuwa 1903, an san shi da laƙabin Maisango. Sango wani mashi ne da ake ɗurawa a bindiga a harba, irin wanda maharban giwa suke amfani da shi. A watan Fabrairun 1903 da sojojin Birtaniya ƙarƙashin Kanar Morland suka shiga Kano, sun zo da igwa da kuma bindigar Maxim. Irin wannan ce aka kira bindiga mai ruwa, sunan da ya dace da ita ta fuska biyu: ruwa ne yake sanyaya bututunta, kuma tana zubar da harsashi kamar ruwan sama. Daga baya aka samu libarba, wadda aka aro sunanta daga Turanci, da bindiga mai jigida, saboda harsasanta da ake jerawa a ɗamara.

Idan aka duba waɗannan sunaye, za a ga kowanne da abin da ya kama. Wani siffa ya duba, kamar mai baki biyu da mai jigida. Wani girma, kamar ƙaramar bindiga. Wani wurin ƙira, kamar ƙirar gida. Wani kuma halin da mai harbi yake shiga. Sunaye ne masu armashi, amma ba a kan ma'auni ɗaya aka gina su ba, shi ya sa bindiga guda takan amsa suna uku, suna guda kuma ya rufe bindigogi masu bambancin hukunci.

Azuzuwa uku na doka

Dokar Makamai ta Najeriya, wadda aka kafa a 1959, ta kasa bindigogi gida uku, bisa yadda ake ɗura su da yadda suke harbi.

Aji na farko shi ne na haramtattun makamai. A ciki akwai igwa, rokoki, bama-bamai da gurneti, bindigogi masu aman harsashi a jere, bindigogin soja masu harsashin milimita 7.62 da milimita 9 da inci .300 da .303, sai libarba da sauran ƙananan bindigogin hannu. Shugaban Ƙasa kaɗai ke da ikon ba da lasisinsu, kuma hukuncin mallakarsu ba tare da izini ba bai gaza ɗaurin shekara 10 ba. Dokar ta ƙara da cewa duk bindigar da ba a ambata a sauran azuzuwan biyu ba, nan ta faɗo.

Aji na biyu shi ne na bindigogin amfanin kai: bindigar farauta mai watsa ƙwayoyin dalma, irin mai baki ɗaya da mai baki biyu, da doguwar bindigar farauta ko wasan harbi, da bindigar iska. Sufeto Janar na 'Yan Sanda ne ke ba da lasisinsu, hukuncin riƙe su babu lasisi kuma yana iya kaiwa shekara 5.

Aji na uku shi ne na bindigogin da ake ɗurawa ta baki, wato dangin bindigar toka. Doka ta ba Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha iko, bayan ya tuntuɓi Gwamna, ya hana riƙe su sai da lasisi.

A nan ne bambancin harshen gari da harshen doka yake fitowa fili. Ƙaramar bindiga, wadda sunanta ke sa a yi zaton lamarinta mai sauƙi ne, tana aji ɗaya da igwa, ko da kuwa maƙeri ne ya haɗa ta a ƙauye. Haka nan bindigar farautar da ake jan hannunta gaba da baya domin ta ɗura sabon harsashi, lafazin dokar ya cire ta daga aji na biyu, saboda tana da na'urar sake ɗuri. Shi kuwa "ƙirar gida" ba aji ba ne sam, domin a ƙarƙashinsa ana samun bindigar toka, ana samun libarba, har da wadda aka kwaikwayi ƙirar bindigar soja.

Rikicin sunan AK-47

Babu sunan da ya kai AK-47 yawo a labarai. Sunan taƙaitawa ne na bindiga mai sarrafa kanta ta Kalashnikov, ƙirar 1947, wadda Mikhail Kalashnikov ya tsara a Tarayyar Sobiyet. Bayanta an yi AKM a 1959, China ta yi tata mai suna Type 56, sannan aka yi AK-74 mai harsashin milimita 5.45. Duk waɗannan akan haɗe su a kira su AK-47. Akwai ma sunan AK-49 da yake yawan fitowa a rahotanni, alhali babu ƙira mai wannan suna a jerin bindigogin Kalashnikov na Sobiyet ko Rasha.

Lambar harsashi ma takan ruɗar. AK-47 da G3 duka ana cewa milimita 7.62 ne, amma tsawon kwanson harsashin ta farko milimita 39 ne, na ta biyu kuma 51, don haka harsashin ɗaya ba ya aiki a ɗaya. Ga mai binciken da ya tsinci kwanso a inda aka yi harbi, wannan bambanci ne zai nuna masa irin makamin da zai nema, da inda wataƙila ya fito.

Saboda irin wannan buƙata ta bin sawun makamai ne Yarjejeniyar ECOWAS kan Ƙananan Makamai, wadda aka sa wa hannu a Abuja a 2006 ta fara aiki a 2009, ta raba makamai bisa yawan masu sarrafa su: waɗanda mutum ɗaya yake amfani da su, da waɗanda sai mutane sun haɗu a kansu. Najeriya ta kafa cibiyar ƙasa ta yaƙi da yaɗuwar irin waɗannan makamai a 2021, ƙarƙashin ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Harkokin Tsaro.

Abin da ya kamata a daidaita

Tsara sunayen makamai a kan ma'auni ɗaya abu ne da ko masu ƙirƙirar wasanni suka fahimci amfaninsa. A wasan yaƙin almara na Warhammer 40,000, wanda kamfanin Games Workshop na Ingila ya fitar a 1987, an kasa makaman ƙage gida-gida bisa abin da suke harbawa. Matasan da ke buga PUBG a waya ma sun saba ganin kowace bindiga a ƙarƙashin ajinta, kafin sunan ƙirarta. Idan makamin wasa ya samu wannan tsari, na gaske da ke ɗaukar rai ya fi cancanta.

Tsarin da ya fi sauƙi ga mai rubutu ko fassara da Hausa shi ne a fara da aji, a bi da ƙira, sannan girman harsashi idan an tabbatar da shi: bindigar toka ƙirar gida, libarba ƙirar gida, bindigar soja ƙirar Kalashnikov. Inda ba a tantance ƙirar ba, ajin kaɗai ya wadatar.

Kalmar 'yan bindiga ma tana buƙatar irin wannan kulawa. A fadar Kano suna ne na dakarun da ke ɗura albarushi su yi harbin ban-girma a Hawan Sallah da Hawan Daushe. A labaran yau kuwa ta koma sunan masu kai hari da satar mutane a dazukan Arewa maso Yamma. Maharbin da ya gaji bindigar toka daga mahaifinsa, da bafaden da ke rakiyar sarki, da ɗan fashin daji mai ɗauke da Kalashnikov, doka ta bambanta su tun 1959. Mai riƙe da bindigar gado a gida, abin da ya fi masa shi ne ya san ajin da take ciki, ya kuma tuntuɓi 'yan sanda kan lasisinta tun kafin a tambaye shi a gaban alƙali.