Lissafin Ci da Ramuwa a Wasan Dara da Wasan Ces

A Birnin Kebbi da Argungu, kamar sauran ƙasar Hausa, akan haƙa gidajen dara talatin a ƙasa, jeri biyar na gida shida shida, kowane ɗan wasa da 'ya'ya goma sha biyu. Wanda ya jera uku a layi ɗaya ya ci, sai ya ɗauke ɗa guda na abokin karawarsa. A 1960 R. C. Bell ya bayyana wasan a littafinsa, ya danganta shi ga Dakarkari, mutanen ƙasar Zuru. Gwanayen dara sun sani ba kowane ci ne riba ba, gama wani cin shi ke buɗe wa abokin karawa hanyar ramuwa biyu. Nan ne akan ce dara ta ci gida.

Wannan matsala ce ta fuskanci masu koya wa kwamfuta wasan ces. A 1950 Claude Shannon na Amurka ya nuna cewa ƙidayar 'ya'ya ba ta da amfani muddin ana tsakiyar ci da ramuwa. Wajibi ne na'ura ta bi musayar har fage ya lafa, sa'an nan ta auna.

Ga yadda lissafin yake. Akan ba soja daraja 1, doki 3, hasumiya 5, sarauniya 9. A ce doki ya ci sojan da wani soja ke tsaro: riba 1. Mai tsaron ya ci dokin: hasara 3. Hasumiya ta rama a kan mai tsaron: riba 1. Jimla hasara 1 ke nan, watau cin bai kamata ba tun farko. Ƙa'ida biyu ke riƙe da lissafin: kowane ɓangare yana fara ci da ɗansa mafi ƙarancin daraja, kuma yana da ikon tsayawa in ci gaba zai jawo masa hasara. Na'urar da ta tsaya a cin farko riba kaɗai za ta gani, ramuwar kuwa ta ɓuya mata. Hans Berliner ya yi nazarin wannan makanta a 1973.

Amma fa lissafin ba ya zama daidai a kan dara. A ces, musayar tana aukuwa a gida ɗaya, 'ya'ya kuma darajarsu ta bambanta. A dara kuwa daraja ɗaya ce, ci yana zuwa daga jeri, ɗan da za a ɗauke kuma yana iya kasancewa can wani gefe. Saboda haka mai shirya wa kwamfuta dara ba shi da gajeriyar hanya: sai na'ura ta gwada kowane ɗan da za a iya ɗaukewa, ta bi ramuwarsa, har ba sauran mai jera uku a motsi na gaba.