Birnin Kolon: Tsohon Gari Mai Sabon Gini

Hausawa da yawa a bakin rediyo suka fara jin sunan Kolon, domin daga can ne Sashen Hausa na Muryar Jamus ya yi ta watsa shirye-shiryensa tun 1963, kafin gidan ya ƙaura zuwa Bon a 2003. Makasudin wannan takarda shi ne bayyana abin da baƙo mai kwana biyu ko uku zai tarar a wannan birni na bakin kogin Rayin, da kuma nuna cewa galibin abin da ake kira tsohon gari a can gini ne na bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Wanda bai san haka ba zai sha kallo, amma ba zai fahimci abin da ya kalla ba.

Asalin sunan daga Rumawa yake. A shekara ta 50 Miladiyya Sarki Kalaudiyus ya ɗaga matsayin garin zuwa "koloniya", watau mazaunin 'yan Rum, bisa roƙon matarsa Agirifina wadda a nan aka haife ta. Sai dai jiragen yaƙi sun yi wa Kolon luguden wuta, musamman a daren 30 ga Mayu 1942, lokacin da Ingila ta aika jirage kimanin dubu a dare guda. Da yaƙi ya ƙare a 1945, tsakiyar gari kusan duk ta zama kufai.

Abin da ya tsaya a cikin kufan nan shi ne babbar majami'ar gari, wadda mai fitowa daga tashar jirgin ƙasa zai yi kiciɓis da ita tun kafin ya ajiye kayansa. An sa harsashinta a 1248, domin a ajiye akwatin zinariya da Kiristoci suka yi imani yana ɗauke da ƙasusuwan masanan nan uku da suka je gaida jariri Almasihu, waɗanda aka kawo daga Milan a 1164. Aiki ya tsaya shekaru ɗaruruwa, har injin katako na ɗaga duwatsu da aka bari a kan hasumiya ya zama shi ne alamar gari. Sai a 1842 aka koma kan aikin, aka gama a 1880, watau bayan shekara 632. Tsawon hasumiyoyinta biyu mita 157 ne, mai ƙarfin gwiwa kuma yana iya taka matakala 533 ya hangi kogi. Ko a cikinta ma akwai sabon abu, domin a 2007 aka sa tagar da Gerhard Richter ya tsara da dubban gilasai murabba'i masu launi 72, a gurbin wadda yaƙi ya farfasa. Ba siffar kowa a jikinta, wannan kuwa bai yi wa babban limamin majami'ar na lokacin daɗi ba.

Dab da majami'ar akwai wani abin mamaki. A 1941 masu haƙa ramin ɓuya daga bam suka tono daɓen wani gidan Rumawa, wanda aka shirya da ƙananan duwatsu masu launi. Maimakon a ɗauke shi, sai aka gina gidan kayan tarihi a kansa a 1974. Yaƙin da ya rushe gari shi ne kuma ya fito da wannan daɓe fili.

Mai sha'awar zane-zane yana da gidaje biyu manya. Gidan Wallraf-Richartz ya tara aikin masu zanen Kolon na zamanin da, irin su Stefan Lochner. Gidan Ludwig kuwa, wanda aka kafa a 1976, na zanen ƙarni na ashirin ne, yana kuma cikin wuraren da suka fi ko'ina yawan aikin Picasso. Amma ɗan Nijeriya ya kamata ya ba gidan Rautenstrauch-Joest lokaci, domin a nan aka adana kayan fadar Benin da sojojin Ingila suka kwashe a 1897. A Disamba 2022 birnin ya mai da wa Nijeriya mallakar guda 92, ko da yake waɗansu sun ci gaba da zama a can a matsayin aro. Daga bayan gidan Ludwig ake hawa gadar Hohenzollern, wadda sojojin Jamus da kansu suka fasa a Maris 1945. Masoya sun cika shingenta da makullai, amma abin zuwa gani shi ne yadda gari ke bayyana daga ɗaya gaɓar.

Batun abinci yana bukatar hattara, domin sunaye na ruɗi. "Halve Hahn" ma'anarsa rabin zakara, alhali burodi ne da cuku, ba ko ƙashin kaza. "Himmel un Ääd", watau sama da ƙasa, tuffa ce da dankalin Turawa da aka dama, ana haɗa su da tsiren jinin alade, saboda haka Musulmi sai ya tambaya kafin a kawo. A tsofaffin gidajen cin abinci kuma ma'aikaci yakan riƙa sake cika ɗan siririn kofin giyar garin, Kölsch, ba tare da an nema ba, sai an rufe bakin kofin. Wanda ba ya sha sai ya faɗa tun da wuri. Mai neman halal ya haye kogi zuwa titin Keup a unguwar Mülheim, inda 'ya'ya da jikokin ma'aikatan Turkiyya, waɗanda suka fara zuwa bayan yarjejeniyar 1961, suke gasa nama a kan gawayi har tsakar dare.